Mai keke a titunan Sakkwato: wane hannu zai bi, kuma a bar yaro ya hau?

Malamin Firamare, Arkilla:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambayar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ina roƙon waɗanda suka san hanya, musamman direbobi da waɗanda suka daɗe suna hawan keke, su taimaka mini da shawara.

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ma ta wuce 1,000, na fahimci cewa albashina ba zai ciyar da gida kuma ya shayar da babur ba. Sai na jingine babur ɗin a zaure, na sayi keke na hannu, da shi nake zuwa makarantar da nake koyarwa a cikin gari. Wahalar taka feda ba ta dame ni ba, ko a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, domin da sassafe nake fita. Abin da ya dame ni shi ne zama da masu mota a kan kwalta ɗaya.

Makonni uku da suka wuce, ina dawowa gida bayan la'asar, wata bas ta zo wuce ni, ta matse ni har madubinta ya doki gwiwar hannuna. Na karkace na shiga yashin da ke taruwa a bakin titi, tayar gaba ta nutse, na faɗi gab da lambatu. Direban bai tsaya ba, yaron motarsa ne ya leƙo ta taga yana ɗaga mini hannu kamar ni na yi laifi. Allah ya kiyaye, ƙujewa kawai na yi, amma da akwai wata mota a bayansa, da ba ni ke rubuta wannan ba.

Da na ba da labari a makaranta, wani abokin aikina ya ce kuskurena shi ne ba motoci baya. A ganinsa, mai keke ya riƙa bin ɗaya hannun, yana fuskantar abin da ke tahowa, domin abin da ido ya gani ƙafa na iya kauce masa. Maganar ta shiga kunnena, kuma na lura masu keke da yawa haka suke yi, musamman masu kawo kayan gwari daga fadama. Shin wannan daidai ne? Sannan idan hannun motoci zan bi, manne wa bakin kwalta zan yi ko in ɗan shigo ciki? Tambaya ta uku ita ce ta fi nauyi a zuciyata: ɗana mai shekara 13 ya matsa mini in saya masa keke ya riƙa zuwa makaranta, mahaifiyarsa kuwa ta ce sam. Na rasa wanda zan goya wa baya.

Tsohon Direba, Kwannawa:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya tsare gaba, ya sa kaffara ce. Na yi shekara 30 ina jan tirela tsakanin Sakkwato da Legas kafin ido ya fara gajiya in ajiye, saboda haka zan faɗa maka yadda mai keke yake a idon wanda ke zaune a saman babbar mota.

Abokin aikinka ya so ka da alheri, amma shawararsa tana iya kai mutum kushewa. Mai tafiya a ƙasa shi ake cewa ya fuskanci motoci inda babu wurin tafiyar ƙafa, domin taku ɗaya zai yi ya sauka daga kwalta. Keke abin hawa ne, kuma hannun da mota ke bi shi zai bi, wato dama. Ina yaro aka sauya hannu a ƙasar nan a shekarar 1972, aka bar hagu aka koma dama, kuma na tuna yadda tsofaffin mahaya keke suka daɗe suna rikicewa, to har yau wasu kamar ba su ji sanarwar ba. Yi lissafin da kanka, tunda kai malami ne. Idan mota tana gudun kilomita 50 a awa, kai kana 15, kuna tafiya hannu ɗaya, da gudun 35 take cim maka, kuma direba yana da lokacin da zai gan ka ya kauce. Idan kuwa kuna fuskantar juna, da gudun 65 za ku haɗu. Bayan haka, direban da zai fito daga lungu ya hau babban titi ya yi dama, hagunsa yake kallo, domin daga nan motoci ke zuwa. Kai da ka saɓa hannu daga damansa za ka ɓullo, inda bai taɓa tsammanin wani ba, sai dai ya ji ƙara a gaban motarsa.

Yanzu ga abin da nake so kowane mai keke ya haddace game da tirela da tifa da tankar mai. Direba a hagu yake zaune, kuma yana sama. Gefen dama na motar, tun daga ƙofar yaron mota har zuwa tsakiyar bodi, akwai wurin da madubi ba ya nuna shi sosai, haka nan abin da ke gab da hancin motar, haka nan abin da ke manne da bayanta. Gefen daman nan kuwa nan ne mazaunin mai keke. Ƙa'idar da muke koya wa yaran mota ita ce, in ba ka hango fuskar direba a madubinsa ba, to shi ma bai gan ka ba. Mafi muni shi ne kwana. Idan tirela za ta yi dama, dole ta fara buɗewa hagu don ta sami fili, sai mai keke ko ɗan kabu-kabu ya ga sarari ya buɗe a damanta, ya ɗauka hanya aka ba shi, ya kutsa. Tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, suna yanko kwanar ne ta ciki, sai sararin nan ya rufe da mutum a cikinsa. Na ga wannan da idona a wata mahaɗa, ba a motata ba, kuma ban ci abinci ba ranar. Idan ka tarar da babbar mota a shataletale ko a danja, ka tsaya a bayanta da tazara, ka bar ta ta tafi, ko da za ka makara. Ku da ke Arkilla kuna tare da manyan motocin da ke bin hanyar Kalambaina, don haka wannan magana taku ce kafin ta kowa.

Kada kuma ka ɗauka birkin babbar mota irin na ƙaramar mota ne. Motar da ta ɗauko buhu 600 na siminti tana ɗauke da tan 30, ban da nauyin kanta, kuma ba ta tsayawa don an so ta tsaya.

Zan faɗi gaskiya a kan 'yan'uwana direbobi, ko da ba za su ji daɗi ba. Ba kullum ba ne rashin gani, wani lokaci raini ne. Direban da zai rage gudu ya ba babbar jif hanya, shi ne zai danna wa mai keke hon har ya firgita shi, domin ya san mai keke ba shi da wanda zai tsaya masa. A tasha muna girmama abin hawa gwargwadon kuɗinsa, kuma na yi wannan halin a ƙuruciyata, Allah ya yafe mana. Da an riƙa tuna wa direba cewa kisan kuskure ma yana da diyya da kaffara, kamar yadda ya zo a aya ta 92 ta Suratun Nisa'i, da ƙafarsa ta riƙa saurin zuwa kan birki.

Mai Gyaran Keke, Tsohuwar Kasuwa:

Baba direba ya gama magana a kan hannu, ba ni da abin ƙarawa. Ni ta wajen keken zan zo, domin duk wanda aka buge, in ya rayu, wurinmu ake kawo ƙarfen.

Malam, ka ce na hannu ka saya, to ka duba birkinsa kafin komai. Yawancin kekunan da ake kawo mini, ko dai birki ɗaya ne ke aiki, ko robar ta cinye har ƙarfe na gugar ƙarfe, kuma na sha ganin yaro yana tsayar da keke da silifa a kan taya. Mutum zai biya kuɗin faci sau goma domin ba ya iya tafiya sai da iska, amma ba zai sayi robar birki ba domin keke na tafiya ko babu ita. Sai fitila. Kekunan iyayenmu, irin su Raleigh da Phoenix, da dainamo suke zuwa da jan gilashi mai ƙyalli a baya, na yanzu kuwa tsirara ake hawansu. Wanda ya fito bayan magariba cikin tufafi masu duhu, ba fitila, a titin da fitilunsa ba su kama ba, ko da asuba cikin hazon hunturu, bai ba direba damar ganinsa ba. Akwai ƙananan fitilu masu caji, fara a gaba, ja a baya, kuma akwai rigar nan mai ƙyalli irin ta ma'aikatan hanya, duka ba su kai kuɗin ɗinki ɗaya a asibiti ba.

Ka kuma riƙa naɗe ƙafar wando, kuma in da babbar riga za ka je, ka ninke ta a kariyar bayan keke sai ka isa, domin sarƙa ba ta san mutunci ba. Masu ɗauro buhun albasa biyu ko damin rake a gicciye kuwa, faɗinsu ya kai na keke napep, amma suna tafiya kamar su kaɗai ne a kan sirdi.

Ma'aikaciyar Jinya, Mabera:

Sannu Malam, Allah ya ƙara kiyayewa. Ina aiki a sashen da ake karɓar waɗanda suka yi haɗari, kuma zan yi magana a matsayin ma'aikaciya da kuma uwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, wato waɗanda ba su da ƙarfe a kewaye da jikinsu. Abin da muke gani a wurin aiki bai saɓa wa wannan ba. Idan mota da keke suka haɗu, mai mota fenti yake asara, mai keke kuwa da karaya ake kawo shi, a ƙafa ko a kafaɗa ko a wuyan hannu, saboda da hannu mutum ke tarar ƙasa. Waɗannan suna warkewa da yardar Allah. Wanda ke tayar mana da hankali shi ne bugun kai, domin mutum yana iya tashi ya karkaɗe rigarsa ya ce lafiyarsa lau, a yi sulhu a bakin titi a ba shi kuɗin gyaran keke, ya koma gida, bayan wasu sa'o'i ya fara amai ko barci mai nauyi ko surutai, alhali jini ne ke taruwa a cikin kai. Duk wanda kansa ya bugu, ko da babu jini a waje, a kai shi asibiti a ranar.

Na san hular kwano abin dariya ce ga mai keke a garin nan. Ko masu babur, da hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta musu ita a farkon 2009, kowa ya ga yadda aka ƙare. Hular ba za ta ceci wanda tirela ta taka ba, kada a yaudari kai, amma irin faɗuwar da ka yi, Malam, inda kai ke iya haɗuwa da bakin lambatu, ita aka yi wa hular.

Ina kuma roƙon jama'a game da abin da ake yi bayan haɗari. Mutanenmu akwai tausayi, nan da nan za a taru, amma sai a ɗago mutum ta hannu da ƙafa kansa na reto, a cusa shi a keke napep a zaune, wani ma ya ɗura masa ruwa yana sume. Idan ƙashin wuya ko na baya ya taɓu, wannan ɗaukar ita ce ke nakasa shi. A tsayar da motoci, a danne inda jini ke zuba da tsumma mai tsabta, a riƙe kai da wuya kada su motsa, in dole a ɗauke shi a ɗora shi a kan abu mai faɗi. Lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra ita ce 122, kuma kyauta ake kira.

Game da yaro, ina bayan mahaifiyarsa in dai hanyar makarantar ta bi ta babban titi. Yaro mai shekara 13 ya iya keke, wataƙila ma ya fi ka iyawa, amma bai iya auna gudun motar da ke tahowa ba, kuma idan ya haɗu da abokansa tsere za su yi. Masu cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa gaskiya suka faɗa, sai dai an umarce mu mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali.

Ɗalibin Jami'a, Dundaye:

Ina gaida iyayena da suka riga ni magana. Ni ma da keke nake shiga gari daga mazaunin jami'a na dindindin, ina ƙetare gadar Rima kusan kullum, kuma da izininku zan ɗan saɓa.

Duk shawarwarin da aka bayar a kan mai keke suka faɗa: ya gyara birki, ya sa fitila, ya sa hula, ya yi haƙuri. Ban musa ko ɗaya ba, amma Malam da rana bayan la'asar aka buge shi, yana kan hannunsa, bai yi laifin komai ba. A shekarar 2001, Ojo Maduekwe yana ministan sufuri, yana kiran 'yan Najeriya su rungumi keke, bas ta ture shi cikin rami a Abuja yana kan kekensa a hanyar zuwa aiki. Idan minista bai tsira ba, to matsalar ta wuce ta robar birki. Matsalar gudu ce da kuma yadda aka gina titunan. Dokar hanya ta ƙayyade kilomita 50 a awa a cikin gari, kuma ko a wannan gudun mota tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya, wato kafin direban da ke duba wayarsa ya ɗago kai ya riga ya shafe tsawon motoci uku. Idan gudu ya ninka biyu, tazarar da birki ke buƙata ninkawa huɗu take yi. Wane ne ke bin 50 a kan bayafas idan hanya ta buɗe?

Ƙasar Holan da ake misali da ita ba haka ta tashi ba. A 1971 mutum fiye da 3,000 suka mutu a titunanta, fiye da 400 daga cikinsu yara ne, sai iyaye suka fito suka matsa wa hukuma, aka shiga ware wa keke hanyarsa da rage gudun mota a unguwanni. A Birtaniya, tun 2022 ƙa'idar hanya ta ce mai mota ya bar aƙalla mita ɗaya da rabi tsakaninsa da mai keke idan zai wuce shi. Mu a nan ana faɗaɗa titi a raba shi biyu, a yi masa fitilu, amma gefen da mai keke zai bi shi ne wurin ajiye motoci da teburan 'yan tireda da kurar 'yan ga-ruwa da tarin yashi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke tun 2018, ana hawa a ɗauki hoto, washegari a koma gidan jiya.

Tambayar Malam ta biyu ba a amsa ta ba, kuma amsata ita ce kada ya manne wa bakin kwalta. Wanda ya manne yana gayyatar direba ya wuce shi ba tare da ya kauce ba, kuma in an matse shi ba shi da wurin gudu sai yashi da lambatu, kamar yadda ya faru. Ya bar kamar mita ɗaya tsakaninsa da bakin titi, ya tafi a miƙe ba tare da yin maciji ba, ya miƙa hannu kafin ya yi kwana, ya waiwaya kafin ya kauce wa rami. Haka nan ya nisanci motocin da aka ajiye a gefe da tazarar faɗin ƙofa, domin ƙofar da aka buɗe ba a duba ba tana jefa mai keke tsakiyar titi. Ya kuma yi hattara da keke napep da kabu-kabu, waɗanda ke yanko gabansa su tsaya cak da zarar fasinja ya ɗaga hannu.

Tsohon Direba, Kwannawa:

Ɗana, maganarka a kan gudu gaskiya ce, kuma na ji daɗin da yaro ya faɗa mana ita. Amma batun shigowa mita ɗaya, a raba shi biyu. A cikin gari, irin titin Ahmadu Bello ko na Emir Yahaya da rana, inda cunkoso ya hana kowa gudu, na yarda da kai, wanda ya fito fili an fi ganinsa. A hanyar Gusau ko ta Birnin Kebbi ko ta Illela kuwa, inda manyan motoci biyu ke iya haɗuwa a daidai inda kake, kowace da lodi, babu wanda zai iya ba ka mita ɗaya da rabi ko yana so, kuma iskar motar kaɗai tana iya fizgar keke. A can, in ka ji ƙugin babbar mota a bayanka kuma ka hango wata a gaba, ka sauka daga kwalta gaba ɗaya ka tsaya. Dokar Birtaniya ba ta san faɗin hanyar Illela ba.

Malamin Firamare, Arkilla:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, na nuna wa abokin aikina lissafin 35 da 65, ya yi shiru, ko da yake bai ce ya daina ba. Jiya na kai keken wurin mai gyara, aka tarar birkin baya ba ya kamawa ko kaɗan, wata biyar ke nan ina yawo da na gaba kaɗai ban sani ba. An sauya roba da waya, na kuma sayi fitilun nan biyu. Hular kwano ban samu ta keke ba tukuna, ta babur ɗina kuwa ta yi nauyi a wannan zafi, amma na sa a duba mini.

Batun yaro, Hajiya, na karanta wa mahaifiyarsa abin da kika rubuta, ta ce dama ta faɗa. Mun tsaya a kan cewa zan saya masa keken, amma Islamiyya da aike a cikin unguwa kawai zai riƙa zuwa da shi. Makarantar bokonsa sai an tsallaka babban titi sau biyu, don haka ranar Asabar zan fita da shi da ƙafa mu bi lungunan da ke bayan titin, mu ga ko akwai hanyar da za ta rage tsallakawar zuwa sau ɗaya, a wurin da zai iya sauka ya tura keken da hannu. In wani a cikinku ya san Arkilla sosai kuma ya san irin wannan hanya, ina sauraro.